A Ingila ba a cewa "Kun san ko ni wane ne?"

A sashen gaggawa na wani asibiti a nan Ingila na ga abin da ya ɗaure min kai. Wani mutum ya shigo cikin kwat mai tsada, agogo sai walƙiya yake, yana riƙe da hannunsa da ya gurɗe. Nas ta duba shi, ta nuna masa kujera. Can sai ga wani dattijo, da ganinsa a titi yake kwana, dafe da ƙirji, warin giya na tashi. Nan take aka ɗora shi a keke aka yi ciki da shi. Na zuba wa mai kwat ido ina jiran ya miƙe ya tada jijiyar wuya. Wallahi ko tari bai yi ba, latsa wayarsa kawai ya ci gaba da yi.

Haka tsarin yake tun 1948 da aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, a ƙarƙashin minista Aneurin Bevan, wanda shi kansa ya yi aikin haƙar kwal yana yaro: tsananin ciwo ake dubawa, ba aljihu ba. Mu kuwa a can gida, inda mai kuɗi ke tsallake layi, jama'a, mu ji tsoron Allah. Laifin ba na mai kuɗin ba ne kaɗai. Mu da ke kan layi mu ne ke fara darewa muna "ranka ya daɗe" tun bai buɗe baki ba.

Amma kada wani ya ɗauka an gama raba arziki daidai a nan. Bambancin yana nan, murya ce kawai ba ya ɗagawa. Namijin da aka haifa a garin Blackpool ana sa ran zai riga wanda aka haifa a unguwar Kensington ta Landan mutuwa da kusan shekara 10, alhali asibiti kyauta ne ga dukansu. Kashi 7 cikin 100 na 'yan ƙasar ne suka yi makarantar kuɗi, amma rahoton gidauniyar Sutton Trust na 2019 ya nuna kashi 65 na manyan alƙalai daga can suka fito. Kana buɗe baki sun gane gidan da ka fito, su ajiye ka a matsayinka cikin murmushi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na mata. Baƙar mace a ƙasar nan ta fi farar mace haɗarin mutuwa a dalilin ciki da haihuwa fiye da ninki biyu. Asibiti ɗaya, gado iri ɗaya! Kuma shiga gidan kula da tsofaffi da tsakar dare ka ga su wa ke canza zanen gado: matan Najeriya, Indiya, Zimbabuwe, Filifin. Dokar biyan mace da namiji daidai tana nan tun 1970, sai dai aikin da aka bar wa mata shi ne mai ƙaramin albashi.

Mu baƙi kuma, "kyautar" ba ta kai mana ba sai mun biya fam 1,035 na kowace shekara tun wajen neman biza, ga haraji a kan albashi. Ranar da aka kwantar da kai, magani ba ya yankewa, wuta ba ta ɗaukewa, amma sai ka wuni ba wanda ya leƙo ya ce maka "Ya jiki?" in ba wanda aka biya ya tambaya ba.