Tashar La Selva a Kosta Rika: ko ta dace da ɗaliban nazarin daji?

Ƙungiyar nazarin yankuna masu zafi ta OTS (Organization for Tropical Studies), wadda aka kafa a 1963, ita ke kula da wannan tashar bincike a yankin Sarapiquí, maƙwabciyar gandun Braulio Carrillo. Ga malamin da ke son ɗalibansa su ga kurmi mai yawan ruwan sama da idonsu, wurin ya cancanci kuɗinsa.

Babban abin yabo shi ne hanyoyin cikin daji. An shimfiɗa wa wasunsu siminti, kuma akwai alamun nisa, don haka ɗalibi zai iya komawa daidai bishiyar da ya auna jiya ba tare da ɓata ba. Tsuntsaye sun haura iri 400, amma sai an fita da asuba. Da rana ta take, daji kan yi tsit.

Matsalar ita ce danshi. Ruwan sama kan kai kusan milimita 4,000 a shekara. Littafin rubutu na yau da kullum jiƙewa yake yi, kyamara ta yi raɓa a ciki, safa kuwa ba ta bushewa. A tanadi fensir, takarda mai jure ruwa da jakar leda mai zif. Takalmin roba mai tsawo dole ne saboda wani maciji mai mugun dafi da ake kira terciopelo, kuma kada kowa ya dafa bishiya bai duba ba, domin akwai manyan tururuwa masu zafin harbi.

Kwana biyu sun yi kaɗan. Wanda zai ɗebi ganye ko ƙwari don bincike, ya nemi izinin hukuma tun kafin tafiya.