Bakin teku ko Aburi? Amsa ga Hajiyarmu ta Kumasi

Hajiyarmu ta Aboabo ta yi tambaya jiya da dare, ta ce za ta shigo Ankara, babban birnin Ghana, bayan sallah da yara uku, babban shekara 10, auta shekara 4, kuma yini ɗaya tak suke da shi na yawo, wai bakin teku za ta kai su ko lambun Aburi.

Hajiya Aburi. Ki kai su Aburi kawai, wallahi ba sai kin tsaya dogon tunani ba. Ni duka biyun na kai nawa, ɗaya har yau yara suna roƙona mu koma, ɗayan kuwa in na tuna sai gabana ya faɗi.

Bara waccan ne muka je, kwana uku bayan babbar sallah, ni da yarana huɗu da ƙanwar maigida da nata biyu. Tun asuba na dafa wakye na zuba a kula, na soya ragowar naman layya, ga shito ga ƙwai, muka haɗa sobolo a galan muka ɗauko buta da tabarma biyu. Daga Nima muka hau trotro zuwa Madina, a tashar Madina ne ake samun motar Aburi, ki ce ma mate, wato yaron mota, a bakin lambun zai sauke ku ya sani. In da mota za ku je hanya ɗaya ce miƙe, asibitin sojoji na 37, Tetteh Quarshie, Legon, Zongo Junction na Madina, Adenta, Oyarifa, sai Ayi Mensah inda ake fara hawan dutse. Kilomita 30 da 'yan kai ne daga cikin gari, in babu go-slow awa ɗaya ta isa, amma Madina da Adenta kam kin san sai a hankali, shi ya sa na ce ku fita da wuri, ƙarfe 7 ta same ku a hanya.

Tun daga hawan dutsen nan yawo ya fara. Hanyar tana ta lanƙwasa, kina leƙawa ta taga sai ki ga Ankara gaba ɗaya a shimfiɗe can ƙasa, yara suka yi ta ihu kowa yana nuna wai ga gidanmu can. Za ku wuce Peduase Lodge, masaukin shugaban ƙasa da aka gina tun zamanin Nkrumah. Sai dai ki riƙe leda da lemun tsami a jaka dan Allah, autana ta yi amai a lanƙwasa ta uku, kada ki cika musu ciki da koko kafin a tashi.

Kina sauka abu na farko da za ki ji iskar ce. Sanyi mai daɗi, ba irin zafin nan namu mai danƙo na Nima da fanka ma ba ta maganinsa ba. Turawan mulkin mallaka ma saboda iskar suka fara gina wurin hutun marasa lafiyarsu a kan dutsen, daga baya a 1890 aka buɗe lambun, kin ga ya haura shekara 130 kenan. Daga bakin ƙofa wasu dogayen itatuwa ne jere hagu da dama, dangin kwakwa ne amma santala-santala fes kamar an goge su, kowa a nan yake fara ɗaukar hoto. Filin babba ne sosai, wajen eka 160, ciyawa a share, kuma abin da ya fi kwanta min a rai shi ne na shimfiɗa tabarma na zauna na miƙe ƙafa, yara shida suna gudu iya ƙarfinsu kuma ina ganin kowa daga inda nake. Ba okada, ba kwata, ba ruwan da zai ja min ɗa. Uwa ta Zango ta san me nake nufi, mu da yaro in ya fita lungu sai kin bi shi da ido saboda gota.

Akwai wani tsohon jirgin sama mai saukar ungulu da aka ajiye a kan ciyawa, ya daɗe da mutuwa duk ya yi tsatsa, toh nan fa maza suka tare, awa guda cur ba wanda ya nemi ruwa. Ki dai tsaya kusa saboda ƙarfen ya tsufa yana iya yankar hannu. Akwai kuma wata bishiya da ta nannaɗe wata ta shaƙe ta har ta cikin ta ruɓe ta ƙare, yanzu cikinta rami ne, mutum yana shiga ya ɗaga kai ya hango sama. Ɗana na biyu wanda malaminsu kullum yake cewa ba ya magana a aji, shi ne ya tsaya yana ta tambaya yaya itace zai kashe itace, har muka dawo gida bai bar maganar ba, ya zana ta a bayan littafinsa. Sai wani busasshen itace da wani gwani ya sassaƙe shi tun daga ƙasa har sama, mutane suna hawa kan juna, da wani ƙaton rimi da muka kama hannu mu takwas ba mu zagaye gindinsa ba. A ɓangaren kayan ƙamshi aka murza mana ganye aka ba yara su sansana, 'yata ta ce Mma wannan ai kirfan shayinki ne, ashe duk zatonta a leda ake yin sa a kasuwar Mamobi.

Da azahar muka yi alwala da butarmu muka yi sallah a inuwa, ba wanda ya kalle mu sau biyu. Muka ci wakyenmu, ƙananan suka yi barci a kan tabarma. Ni kaina rabon da in zauna shiru haka har in ji kukan tsuntsu na manta.

In lokaci ya rage muku, gaba kaɗan da Aburi akwai Mampong ta Akuapem, ba Mampong ɗinku ta Asante ba fa, a nan gonar Tetteh Quarshie take, mutumin da ya shigo da irin koko daga tsibirin Fernando Po a 1879. Babbanki mai shekara 10 tabbas an koya musu sunan a makaranta, kuma da safen nan kun bi ta kan gadar da aka sa ma sunansa, in ya ga gonar da idonsa ba zai ƙara mantawa ba. Ku mutanen Kumasi koko ba baƙonku ba ne, amma ganin inda abin ya faro daban ne.

Ba zan ɓoye miki ba, Aburi ba wurin lilo da injinan wasa ba ne, yaron da ya saba da waya zai yi minti goma yana cewa ba komai a nan kafin ya sake. Akwai tururuwa a wasu gindin itatuwa, ki duba kafin ki shimfiɗa. Ruwan sama yana saukowa ba sallama, ki ɗauko musu rigar sanyi da lema. Kuma ranar hutun gwamnati can ma ana cika da sifika da 'yan fati, saboda haka kada ki je ranar sallah ko washegari, ki bari sai Talata ko Laraba da mutane suka koma aiki.

Bakin teku kuma, toh, teku ne, yana da kyaun gani, iyakarsa kenan a wurina. Labadi ce kowa ya sani, akwai dawakai akwai masu kiɗa akwai abinci, ana biyan kuɗin shiga, amma ranar hutu taron samari ne da 'yan mata da giya da kiɗa har ƙirjinki yana bugawa, ba inda zan zauna da 'ya mace 'yar shekara 10 ba ne. In kuma an yi ruwan sama duk robar da Odaw da sauran kwatocin gari suka kwaso teku yake dawo mana da ita bakin gaɓa.

Babban abin da nake ji miki shi ne ruwan kansa. Yaranki Bosomtwe suka sani, tafki kwance lumui, yaro ya shiga iya gwiwa ya fito. Tekun Ankara ba haka yake ba Hajiya. Igiyar tana zuwa ta buge ki, in za ta koma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarki, babba ma sai ya dage balle 'yar shekara 4. Kusan duk lokacin biki sai mun ji a rediyo ruwa ya tafi da wani, kuma yawanci yaran unguwanninmu ne da suka tafi a ƙungiya ba su iya iyo ba. Su kansu 'yan ƙabilar Ga masu kamun kifi da aka haifa a bakin ruwan suna girmama shi, ranar Talata ma ba sa shiga.

Abin da ya same ni a wani bakin teku, ba zan kira sunan wurin ba don ba laifin masu wurin ba ne. Wani mai talla ya zo da robar nan da ake hurawa yaro ya sa a ƙugu, ya rantse min in yaro ya sa ta ko tsakiyar teku ba zai nutse ba, na ba shi sidi 40. Ashe an like ta da salatif ta ciki. Ɗana ya sa ya shiga iya cinya, igiya ɗaya ta kifar da shi robar ta sace ta zame ta kai, da ba don wani bawan Allah da ke kusa ya cafko rigarsa ba, ban san me zan faɗa ma ubansa ba. Na waiga neman mai tallan ya ɓace. Ban taɓa nadamar sayen abu kamar wannan robar ba, kuma daga baya na gane ko sabuwa ce dal ba ta da amfani a teku, ta kwamin wanka ce, ƙara ma yaro ƙarfin hali kawai take yi ya matsa ciki. Dan girman Allah kada ki saya, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa.

Tunda maganar 'yan damfara ta zo bari in ƙarasa, don da sun ji Hausarki ko Twi ɗinki ba ta nan ba ce kuɗi ya ninka. Mai doki zai ce miki sidi 20, yaro ya hau a je a dawo sai ya ce 20 ɗin na zuwa ne, dawowa daban, hoto a kan doki daban. Ki yanke magana tun yaro yana ƙasa, zuwa da dawowa nawa, yara nawa, a gaban mutane. Mai hoto zai ɗauke ku ba ki sa shi ba ya wanko ya miƙa ma yaro a hannu, kin ga karɓewa daga hannun yaro sai da kuka. Kujera da lema ma kada ki zauna sai kin tambaya, wasu sai kin tashi tafiya za su kawo miki lissafi. Naman gashi ki tambaya na mene ne kafin ki saya, ana gasa alade a wurare da yawa, ki nemi mai tsiren da kika ga namu ne ko ki riƙe na gida. A hanyar Aburi ma ba a rasa su ba, masu zuma a kwalba rabinta sikari ne da aka dafa, da masu dashen itace da za su ce miki tuffa ce ko inabi ki kai Kumasi ki yi shekara kina ban ruwa. Abarba da ayaba dai ki saya, suna da kyau da araha. Kuɗin shiga ko'ina a bakin ƙofa za ki biya a ba ki rasit, kada ki ba wani da ya tare ki a hanya wai zai shigar da ku ta baya, kuma in za ki biya da momo, wato kuɗin waya, ke da kanki za ki danna, kada wayarki ta bar hannunki.

Na san abin da za ki ce, yara sun taso tun daga Kumasi kilomita 250 a koma ba su ga teku ba, ai ba za su yafe miki ba. Gaskiya ne, kuma ya kamata su gani. Ga yadda za ki yi. Ranar da za ku koma, kafin ku je tashar Circle hawa mota, ki fita da su da sassafe zuwa wurin tunawa da Kwame Nkrumah da ke High Street, an gyara shi an sake buɗewa a Yulin 2023, akwai ruwa mai tsartuwa da gidan tarihi da kabarinsa da na matarsa Fathia, kuma a filin ne ya yi shelar 'yancin kai daren 6 ga Maris 1957. Daga nan Black Star Square ba nisa, teku yana bayansa, ko ku gangara Jamestown wajen hasumiyar nan mai ja da fari su ga kwalekwalen masunta. Su tsaya su kalla, su ji ƙarar igiya, ki riƙe hannun auta gam, a yi hoto, awa biyu ta ishe ku.

In kuma maigida ya kafe lallai sai an taka yashi, toh Bojo ta hanyar Kasoa ta fi sauƙin hayaniya, ana tsallaka wani ɗan ruwa a kwalekwale kafin a kai gaɓar kuma yara suna son wannan, sai dai hanyar Mallam zuwa can go-slow ne mai cin rai. Ko can ɗin ma ku je ranar aiki, babba ɗaya yaro ɗaya, ruwa kada ya wuce idon sawu.

Amma yinin nan guda da kike da shi na Aburi ne. In kun iso ki yi magana a nan gurup, babbar kulata da tabarmi suna nan ba sai kin ɗauko kaya tun daga Aboabo ba, in ma ranar Laraba ce ni da nawa za mu bi ku. Allah ya kawo ku lafiya, a gaida yara.