Hattara da Masu Tallar Jirgin Feshin Gona na Ƙarya

Jama'a, musamman manoman shinkafa da ƙungiyoyinsu, ku yi hattara. Akwai 'yan damfara da ke yawo da bidiyo a Facebook da WhatsApp suna tallar jirgi marar matuƙi mai feshin magani, wai yana ɗaukar lita 20 ko 30, a kan farashi mai sauƙi, amma sai ka tura kafin alƙalami. Wasu bidiyon babban jirgi suke ɗaukowa daga intanet, in kuɗi ya shiga su kashe waya. Wasu kuma su aiko maka da ƙaramin jirgi mai farfela huɗu, kowace inci 10.

Ƙaryarsu a jikin farfelar take, kuma lissafin ba shi da wuya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Lita 20 kilo 20 ke nan, ba a ma sa nauyin batir da tanki da gangar jirgin ba. Farfela mai inci 10 a kan irin ƙananan injinan da ake haɗa ta da su, abin da take iya ɗagawa bai cika wuce kilo ɗaya zuwa biyu ba. Ninka sau huɗu, ka ga ko kilo 10 ba a kai ba. Ina za ta kai jarka guda ta ruwa?

Ku duba na gaske. Jirgin feshi na kamfanin DJI, samfurin Agras T30, mai ɗaukar lita 30 farfela shida gare shi, kowace faɗinta inci 38, kusan mita guda, kuma in an cika tanki nauyinsa ya haura kilo 60. Sannan masu haɗa jirage suna so ƙarfin farfelu gaba ɗaya ya kusan ninka nauyin jirgin, don ya iya tashi ya kuma jure iska. Zafinmu ma yana rage ƙarfin: a Kano, ranar da zafi ya kai digiri 40, iska ba ta da kauri, sai ƙarfin ɗagawar ya ragu da fiye da kashi 10 cikin 100.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kuɗin karo-karo ne na talakawa ake kwashewa, wani ma bashi ya ci.

Kafin ka ba da ko sisi, tambayi mai sayarwa faɗin farfela, da yawanta, da kilo nawa kowane inji ke ɗagawa a takardar kamfani. Ka kuma tambaye shi batun izinin NCAA, hukumar kula da harkokin jiragen sama ta ƙasa, domin a Najeriya ba a tashin irin wannan jirgi sai da shi. Sannan ya zo gonarka, a cika tankin da ruwa a gabanka, jirgin ya tashi ya yi feshi har tanki ya ƙare. In ya fara cewa kayan suna Legas sai ka biya rabi, rufe wayarka, ka sanar da sauran 'yan ƙungiya.