Kifin kadinal na Banggai: sayi wanda aka haifa a tanki

Cikin kifayen ado na ruwan gishiri, kadinal na Banggai ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin a sayi wanda aka haifa a tanki. Sunansa na kimiyya Pterapogon kauderni, asalinsa tsibiran Banggai da ke Sulawesi a Indonesiya, kuma tun 2007 hukumar IUCN mai kula da kare halittu a duniya ta sa shi a jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, musamman saboda yawan kamun da ake yi masa don sayarwa. Tsawonsa bai wuce santimita 8 ba: jiki ruwan azurfa, baƙaƙen zane uku a tsaye, da fararen ɗigo-ɗigo a wutsiya da fikafikai.

Wanda aka kamo daga teku ya fi araha, sai dai arahar tana da tsada. Yakan iso a galabaice, ya ƙi abinci, wani lokaci yana ɗauke da cutar iridovirus. Alamarta farin kashi mai kamar zare, numfashi da sauri, sai mutuwa cikin 'yan kwanaki, kuma babu maganinta. Haifaffen tanki kuwa ya saba da gilashi da abincin firiza. Kafin ka biya, ka ce wa mai shago ya ba shi abinci a gabanka. In ya tsotsa ya tofar, ko cikinsa ya lotsa, ƙyale shi.

Namiji ɗaya da mace ɗaya na buƙatar tanki mai kamar lita 110. Zafin ruwa digiri 24 zuwa 27, nauyin gishiri 1.024 zuwa 1.026, wato kusan giram 35 a kowace lita, pH (ma'aunin tsamin ruwa) 8.1 zuwa 8.4. Gishirin teku na tanki ake nufi, a haɗa da ruwan da aka tace da na'urar RO mai cire datti da sinadarai. Gishirin girki ba zai yi ba. Amoniya da naitirait, gubar da ke samuwa daga kashin kifi da ragowar abinci, su zama sifili kafin kifi ya shiga, abin da ke ɗaukar mako huɗu zuwa shida. A canza kashi 10 cikin ɗari na ruwan kowane mako. Idan ruwa ya ragu saboda tururi, a cika da ruwa marar gishiri, domin gishirin bai tafi ko'ina ba, ƙara masa wani zai sa ya yi kauri. Mai zama a gari irin Kano ya tanadi na'urar sanyaya ruwa da batirin famfon iska, don zafin bazara da ɗaukewar wuta na kashe kifi cikin sa'o'i.

Babban aibinsa faɗa. A shago za ka gan su cunkus suna shawagi lafiya lau, amma ƙanana ne. Da sun balaga biyu za su haɗu, su addabi sauran har su maƙale a lungu su daina ci. Maza biyu ba sa zama tare a ƙaramin tanki. Mai son garke ya nemi kadinal mai suna Sphaeramia nematoptera, ya fi haƙuri da 'yan uwansa.

Abinci: daskararren jatan lande na mysis, a narkar da shi a ɗan ruwan tankin, sau biyu a rana, ɗaya da magariba. Busasshen abinci ba kasafai yake karɓa ba. Ba ya taɓa murjani.

Haihuwarsa ce ta fi burgewa. Namiji ke ɗaukar ƙwai a baki kusan kwana 20, ya ƙara riƙe 'ya'yan kamar kwana 10 bayan ƙyanƙyasa, duk bai ci komai ba. Muƙamuƙinsa zai kumbura, daf da ƙarshe har idanun 'ya'yan ake hangowa tsakanin leɓɓansa. Kada a bi shi da raga a wannan lokaci, firgita na sa ya tofar da ƙwan ko ya haɗiye. A teku 'ya'yan na fakewa cikin ƙayoyin bushiyar teku. A tanki sai a kafa siraran sandunan roba a dunƙulen gam don su samu mafaka. A ba su sabon ƙyanƙyasar artemia, wato ƙananan jatan lande na ruwan gishiri, sau uku a rana, uban kuma a ware shi daga macen na wasu makonni, ya ci ya murmure kafin ta sake ɗora masa ƙwai.