Sandunan sauke mota a kan S-Class mai Airmatic: amfaninsu da inda suke cutarwa

Mercedes S-Class ƙirar W221, wadda aka ƙera daga 2005 zuwa 2013, idan mai Airmatic ce, wato tsarin Mercedes na ɗaukar nauyin mota da iska, ba ta da sifirin ƙarfe. A kan balan-balan na iska take zaune, kwampireso yana cika su, kwamfuta kuma tana yanke tsayin da motar za ta tsaya. Kwamfutar ba ta ganin ƙasa, abin da sensa ta faɗa mata kawai take bi. A mai Airmatic sensa uku ce, biyu a gaba, ɗaya a baya, kowace da ɗan hannu da wata siririyar sanda ta haɗa da ƙafar motar. Duk hanyar sauke irin wannan mota, wato rage mata tsayi, dabara ce ta sa kwamfuta ta ɗauka motar ta yi sama da yawa, sai ta saki iska da kanta.

Na yi aiki da sandunan da ake iya ƙara musu tsawo ko a rage, waɗanda ake sayarwa uku a leda. Hukuncina shi ne suna yin aikin, kuma su ne mafi arha, amma ba su da hankali ko kaɗan. Hankalin daga mai ɗaurawa yake zuwa.

Kafin a taɓa komai, a ajiye motar a daɓen siminti da ya daidaita, a daidaita iskar tayoyi huɗu, a bar inji yana aiki, ƙofofi da but a rufe, domin buɗe ƙofa yana tsayar da daidaitawar. A auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi a kowace kusurwa, a rubuta a milimita. Kada a auna daga ƙasa, iskar taya tana ɓata lissafin. Sannan a kashe mota, a ɗaga ta a kan abin tokare mai ƙarfi. Wannan ba wurin ganganci ba ne: motar iska tana iya zama a kan hannun mutum cikin daƙiƙa kaɗan idan aka motsa sensa tana kunne.

A ɓalle tsohuwar sandar daga kan ƙwallonta da ƙaramin sukundireba, a hankali, saboda hannun sensar roba ne kuma zafi ya riga ya busar da shi. A fara saita sabuwar daidai tsawon tsohuwar, daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, sannan a sauya milimita 2 zuwa 3 kacal. Ƙaramin sauyi a sanda yana zama babba a taya. Ko tsawaitawa ce ke sauke motar ko gajartawa, ya danganta da yadda sensar take zaune, kuma gaba da baya ba lallai su zo ɗaya ba, don haka a gwada a gani maimakon a bi jita-jitar gareji. Bayan kowane sauyi a zaga da motar kaɗan, a dawo wuri ɗaya, a sake awo. Hagu da dama na gaba su ne masu cin lokaci; bambancin da ya wuce milimita 5 ido yana kama shi.

Inda kayan suka gaza shi ne notin da ke kulle tsawon sandar. Girgiza tana kwance shi, sai a wayi gari mota ta karkace gefe ɗaya. A ɗiga masa gam ɗin kulle zare mai launin shuɗi kafin a ɗaure. Sandunan da ba na ƙarfen da ba ya tsatsa ba kuwa, damina ɗaya ta isa ta cije zarensu.

Sauke motar da milimita 20 zuwa 25 ita ce iyakar da nake ganin ta dace. Motar tana kyau, ramin da ke saman taya ya cike, tafiyar ba ta yi tauri sosai ba. A tuna Airmatic tana ƙara sauka da kanta idan aka kama gudun babbar hanya, kuma wannan yana hawa ne kan abin da aka riga aka rage. Da an wuce 40, shokozoba ba shi da wurin motsi, yana dukan robar ƙarshe a kowane rami, saman tayoyi ya karkata ciki, gefen ciki na tayar baya ya cinye alhali waje yana nan kamar sabo. Alayimen dole ne bayan aikin, haka ma duba saitin fitilun gaba. A titin da tudun rage gudu ya yi yawa, maɓallin ɗaga mota yana taimakawa, sai dai shi ma yanzu daga ƙasa yake farawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin waɗannan motoci sun iso hannunmu da tsofaffin balan-balan. Robar tana naɗewa a wuri guda tsawon shekaru, ta tsattsage a nan. Idan aka sauya tsayi, naɗin ya koma wani wuri, tsagar ta buɗe, iska ta fara zurara. Kwampireso ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone. A auna motar da dare, a sake aunawa da safe, a fesa ruwan sabulu a kan balan-balan da bakin bututu. Idan ta kwana ta sauka, gyara take nema, ba saukewa ba.

Akwai wasu hanyoyi biyu. Ɗaya akwatin lantarki ne da ake sa wa tsakanin sensa da kwamfuta. Ya fi tsada, amma ana komawa tsayin kamfani ba tare da shiga ƙarƙashin mota ba, kuma mai fulogi ya fi wanda sai rewaya ya yanka waya. Ɗayar kuma sake saitin tsayi ne da na'urar binciken mota ta Mercedes, Xentry, wadda ba ta ƙara wa motar komai amma tana ƙin karɓar lambar da ta wuce iyakarta. Wanda ke son milimita 15 zuwa 20 kuma yana da bakanike mai wannan na'ura, ya fara da ita. Wanda ya zaɓi sanduna, ya adana tsofaffin ukun tare da takardar awon farko, domin da su ake mayar da motar yadda take.