Bita kan NRMN, hidimar haɗa sababbin masu binciken lafiya da jagorori a Amurka

A shekarar 2011 mujallar Science ta wallafa binciken da Donna Ginther ta jagoranta, wanda ya nuna cewa damar baƙaƙen fata ta samun babban tallafin R01 daga hukumar binciken lafiya ta Amurka, wato NIH, ta gaza ta fararen fata da kusan maki 10 cikin ɗari, ko da an yi la'akari da karatunsu da wurin aikinsu da yawan abin da suka wallafa. Cikin matakan da NIH ta ɗauka har da kafa shirin National Research Mentoring Network, wato NRMN, a 2014, domin haɗa ɗalibai da sababbin masu bincike da manyan malaman da za su riƙe hannunsu.

An buɗe rajista kyauta ta intanet, kuma an samar da dandalin MyNRMN domin ba mutum damar neman jagora da shiga rukunin tattaunawa. Wannan sashe ba laifi, sai dai amfaninsa ya dogara ne kacokan ga himmar malamin da aka dace da shi.

Inda hidimar ta ciri tuta, a ganina, shi ne horon rubuta takardar neman tallafi. An riƙa tara mutane kaɗan a ƙarƙashin gogaggen malami na tsawon watanni, kowa ya kawo daftarinsa a karanta a gaban 'yan'uwansa. Shafi ɗaya tak na manufofin bincike, wanda masu tantancewa suke fara dubawa, akan yi ta tankaɗe da rairaya a kansa har sai kowace jimla ta tsaya da ƙafarta. Irin wannan sani ba a koyar da shi a aji. A ofishin babban malami ake tsintarsa, kuma wanda ba shi da kowa a jami'a ya daɗe yana rasa shi.

Ga mai nazarin tsarin hidimar lafiya kuwa, wato yadda marasa lafiya ke kaiwa ga likita, da tsadar magani, da ingancin kulawa, akwai giɓi. An gina NRMN ne domin kimiyyar lafiya baki ɗaya, alhali wannan fanni yana buƙatar jagoran da ya san bayanan Medicare da Medicaid, wato shirye-shiryen inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, da kuma tallafin AHRQ, hukumar bincike kan ingancin hidimar lafiya. Lamarin ba ƙarami ba ne, domin wani nazari na 2019 ya gano cewa baƙaƙen fata sun fi karkata ga bincike kan al'umma da bambancin samun lafiya, batutuwan da ba su cika samun kuɗi ba. Saboda haka gara mutum ya haɗa NRMN da halartar taron shekara-shekara na ƙungiyar AcademyHealth, inda 'yan fannin suke haɗuwa.

Sauran damuwar ita ce kuɗi. Da tallafin gwamnatin tarayya aka kafa hidimar, kuma a 2025 NIH ta soke tallafi da dama masu alaƙa da shigar da tsirarun ƙabilu cikin bincike. Duk mai niyyar shiga ya fara tabbatar da shirye-shiryen da suke gudana kafin ya tsara lokacin miƙa takardarsa a kansu.