Malamin gona: akwai ilimi, ganinsa ne aiki

Idan aka ce in ba aikin malaman gona maki, sai in raba shi gida biyu: abin da suka sani, da yadda yake isowa ga manomi. Na farkon ba ni da ƙorafi a kai. Na biyun kuwa sai dai haƙuri.

Malamin da ke kula da yankinmu ya san aikinsa. Shi ya hana ni watsa takin yuriya a saman ƙasa. Ya ce in tona ɗan rami nesa kaɗan da gindin masara, in zuba in rufe, domin idan aka bar shi a fili cikin zafi, ƙarfinsa bin iska yake yi. Da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla, wadda aka fara gani a Afirka a 2016, shi ya buɗe mana tsakiyar ganye ya nuna mana kashinta kamar dusar katako. A can ciki take ɓuya da rana, don haka feshin tsakar rana a saman ganye asarar magani ne. A yi da sassafe ko da yamma, a saita bakin famfo cikin zuciyar shukar. Wannan bayanin kaɗai ya ceci gonaki.

Amma ina za ka ga malamin? Mutum ɗaya, ƙauyuka rututu, babur ya tsufa, man ma sau da yawa daga aljihunsa. Sai yabanya ta kai gwiwa ya zo yana bayanin tazarar shuka. Ban cika ganin laifinsa ba. Tsarin horo da ziyara da Bankin Duniya ya yaɗa tun shekarun 1970 ya tanadi malami ya leƙa manoma duk mako biyu, amma tsarin yana da tsada, kuma da bankin ya janye hannu a ƙarshen shekarun 1990, gwamnatoci da dama suka kasa riƙe shi. Albashi ya saura, kuɗin fita ya ɓace. Alƙawarin da shugabannin ƙasashen Afirka suka ɗauka a birnin Maputo a 2003, na ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi, ƙasashe ƙalilan ne suka cika shi.

Wannan giɓin, mai sayar da maganin feshi ne ya cike shi. Ka kai masa ganye mai rami, ya miƙo maka kwalba biyu. Ban ce duk macuta ne ba, amma da wuya mai kaya ya ce maka gonarka ba ta buƙatar komai.

Mata kuwa sun fi mu shan wuya. Rahoton FAO, Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2011 ya kawo binciken da ya nuna kashi 5 cikin 100 kacal na hidimar malaman gona ke kaiwa gare su.

Saƙonnin waya da ake turowa yanzu suna da amfani wajen hasashen ruwa, sai dai saƙo ba ya duba ganye. Abin da na ga ya fi aiki shi ne gonar gwaji, irin makarantar manoma da FAO ta fara a Indonesiya a 1989: ku haɗu ku kai ashirin, ku ware kunya kaɗan, ku riƙa dubawa tare duk mako. Malami ya fi saurin zuwa wa ƙungiya, musamman idan kun haɗa masa kuɗin mai, kuma ku kira shi tun kafin ruwan shuka ya sauka.